Rinin TransTint da man Tru-Oil a kan gangar jita mai zane: inda suke burgewa da inda suke gazawa

Duk wanda ya taɓa jika katakon mapul mai zane da ɗanyen tsumma ya san abin da yake nema. Katakon da yake fari fat a bushe, da ruwa ya taɓa shi sai layuka su taso kamar jikin damisa, kana karkata shi ga haske suna motsi, wani ya yi duhu wani ya haska. Aikin rini da man gamawa shi ne su kama wannan kyan su riƙe shi bayan ruwan ya bushe. Abubuwa biyu da masu haɗa jitar lantarki a gida suka fi komawa gare su don wannan aiki su ne rinin ruwa na TransTint da man Tru-Oil, domin dukansu da tsumma ake shafa su, ba sai da injin feshi ba. Hukuncina a kansu a taƙaice: rinin ba shi da abin kushewa sai rashin yafiya, man kuma yana da kyau ƙwarai matuƙar ba madubi kake so ya zama ba, kuma launinka ba shuɗi ba ne.

TransTint na kamfanin Homestead Finishing Products ne da ke Cleveland a jihar Ohayo ta Amurka, wanda Jeff Jewitt ya kafa. Yana zuwa a ƙaramar kwalba ta kusan mililita 59, mai kauri ƙwarai, sai an sirka. Ma'aunin da kamfanin ya bayar shi ne kashi 1 na rini cikin kashi 32 na ruwa ko sifirit, wato kwalba guda tana ba da kusan lita 2. Fuskar jita guda ba ta cin fiye da mililita 100, don haka mililita 3 a cikin 100 ya wadatar, kuma kwalba ɗaya za ta yi jita da yawa kafin ta ƙare. Ka auna da sirinji, ka rubuta adadin a jikin robar da ka haɗa. Ƙirga ɗigo yana yaudara, domin girman ɗigo ya danganta da yadda ka matse kwalbar.

Dalilin da ya sa rini irin wannan ya fi fentin katako na gwangwani a kan mapul yana cikin katakon ne. Fentin gwangwani yawanci garin launi ne da ke yawo cikin mai, yana neman ramukan katako ya kwanta. Mapul kuwa ramukansa ƙanana ne sosai, sai garin ya zauna a sama ya dusashe zanen, fuskar ta koma kamar an shafa mata laka. TransTint narkewa yake yi gaba ɗaya, yana shiga cikin jijiyar katakon, haske ya ratsa shi ya dawo. Zanen kansa ba wani abu ba ne illa jijiyoyin itacen da suka yi girma a lanƙwashe, suna hawa suna sauka kamar igiyar ruwa. Da aka fere allon ya miƙe, wasu wurare an yanke jijiyar a bakinta, wasu a gefenta. Inda bakin yake buɗe yana shan rini da yawa, inda gefe ne kaɗan yake sha. Wannan bambancin shan shi ne duk sirrin aikin, kuma TransTint yana fito da shi fes.

Amma yana fito da komai da komai. Ƙarcen samfefa da idonka bai gani ba, rini zai nuna maka shi baƙi ƙirin. Digon gam a bakin layin da aka haɗa alluna biyu zai fito fari kamar tabon ƙuna, domin gam ya toshe katakon. Shi ya sa rabin aikin yake ƙarewa kafin a buɗe kwalba. Ka goge da samfefa mai lamba 150, sai 180, sai 220, da ɗan katako mai laushi a bayanta, kana bin tsayin jijiya. Kada ka tsallake lamba, kuma kada ka wuce 220 ko 320, domin samfefa mai laushi sosai tana murje fuskar ta rufe ta, rinin ya ƙi shiga. Daga nan ka shafe fuskar da nafta, irin man da ake zuba wa laita, ka duba ta a gefen fitila. Nafta ba ya tayar da gashin katako, yana bushewa cikin mintuna, kuma kafin ya bushe zai tona duk gam da ƙarcen da suka rage.

Sai tayar da gashi. Ka jika fuskar da ruwa, ka bari ta bushe sarai, za ka ji ta yi kaushi a tafin hannu. Ka share kaushin da tsohuwar samfefa 320, shafa biyu ko uku kawai, kada ka shiga sabon katako. Ka maimaita sau ɗaya. Wanda ya tsallake wannan, rinin ne zai tayar masa da gashin, kuma in ya zo gogewa launin zai goge tare.

Ruwa ko sifirit? Ga mai shafawa da hannu, ruwa. Sifirit yana bushewa kafin tsumma ya dawo, sai a ga layi a duk inda shafa ta hau kan shafa. Ruwa yana ba ka minti biyu zuwa uku na gyara. A yi amfani da tataccen ruwa, don ruwan da ke da ƙarfe a ciki yana iya sauya launin.

Inda rinin ya fi burge ni shi ne a dabarar rini biyu, wadda jitocin kamfanin PRS na Paul Reed Smith suka sa mutane ke kwaɗayinta tun daga 1985. Ana fara shafa launi mai duhu a ko'ina, a bar shi ya kwana, sannan a goge da 220 har wuraren da ba su sha sosai ba su koma fari, duhun ya rage a cikin layuka kaɗai. A kan wannan ake ɗora launin da ake so. Kuskuren da aka fi yi shi ne amfani da baƙi a cikakken ƙarfinsa a ƙarƙashin kowane launi. Baƙi yana dacewa da shuɗi, kore da shunayya, amma ƙarƙashin rawaya yana ba da wani koren datti mai muni. Don ruwan zuma ko ruwan goro, ka sa ƙasa-ƙasa mai duhu a ƙasa, irin wanda suke kira Dark Walnut, ko kuma launin saman kansa a ninka ƙarfinsa. Ko da baƙin za ka yi, rabin ƙarfi ya isa, mililita 1.5 cikin 100.

Akwai abin da ake rasawa da wannan dabara, kuma ya kamata a faɗe shi. Zanen yana ƙara fitowa daga nesa, amma motsin nan da yake yi in an karkata jita yana raguwa, domin layin da aka cika da baƙi ya zama baƙi ta kowace fuska. Idan allonka mai zurfin zane ne tun asali, launi ɗaya tak mai haske sau da yawa ya fi kyau a hannu, ko da bai kai ɗayan ɗaukar ido a hoto ba. Dabarar rini biyu ta fi amfani ga allo mai matsakaicin zane da ke buƙatar taimako.

Kafin ka ɗauki samfefa ka tabbatar da kaurin fuskarka. Akwai gangar da mapul ɗinta allo ne na gaske, milimita 6 ko fiye, har ya kai kusan 16 a jitar da ake sassaƙa wa tudu. Akwai kuma wadda aka lulluɓe da siririn falle na kusan milimita 0.6, wanda shi ne a yawancin jitocin da ake sayarwa a warwatse don mutum ya haɗa da kansa. Leƙa cikin ramin na'urar ɗaukar sauti za ka ga kaurin a gefe. A kan falle, gogewa da 220 tana iya huda shi cikin minti guda, musamman a gefuna, kuma babu gyara sai a rufe wurin da launi mai duhu. A nan ka shafa duhun, ka bi shi nan take da tsumma mai ɗanshi ka kwashe abin da zai kwasu, in ya bushe ka taɓa shi da 320 da hannu kawai. Fallen yana da wata matsala kuma: gam ɗin da aka manna shi da shi yakan ɓullo ta ramukansa, ya bar ɗige-ɗige da ba sa shan rini. Wannan ba laifin TransTint ba ne, amma shi zai tona shi.

Launin sama ana shafa shi da sauri. Ka naɗe tsumman auduga ya zama dunƙule, ka ɗan jika fuskar da ruwa kaɗan tukuna don kada shafar farko ta kama wuri guda, sannan ka rufe fuskar duka cikin ƙasa da minti ɗaya kana zagayawa, ka gama da jan dogayen layuka. Sau biyu ko uku da rini marar ƙarfi ya fi sau ɗaya da mai ƙarfi. In ya yi duhu, tsumma mai ruwa zai rage shi, wannan kuwa babbar falala ce ta wannan rini: muddin ba a rufe shi ba, ruwa yana sake motsa shi. Da ita ake yin launin nan mai haske a tsakiya da duhu a gefe. Rawaya a ko'ina, ja ko ƙasa-ƙasa daga gefe zuwa ciki kamar santimita 4 ko 5, sai tsumma na uku mai ruwa zalla a riƙa murza iyakar har ta ɓace. Ba zai yi laushin na feshi ba, irin na jitocin Les Paul na kamfanin Gibson na 1958 zuwa 1960, domin waɗancan fesa launin aka yi a kan katakon da aka riga aka rufe. Na hannu yana da nasa kyan, zanen yana bayyana har cikin duhun gefe.

Waɗancan jitocin na Gibson sun shahara da cewa jan da ke jikinsu ya koɗe da hasken rana har wasu suka koma ruwan zuma. TransTint yana daga cikin rinin da aka haɗa da sinadarin ƙarfe, ya fi tsohon rinin gari jure haske, amma ba a ce ba ya koɗewa ba. Jitar da aka rataye a gaban taga za ta sauya, ja da shuɗi su ne kan gaba.

In rini ya bushe za ka ga ya mutu, ya yi fari-fari kamar ƙura ta hau shi. Kada ka ƙara. Shafa nafta a wani gefe, abin da ka gani a jiƙe shi ne kusan abin da mai zai ba ka. Yawancin jitocin da suka yi duhu fiye da kima a wannan gaɓar aka ɓata su.

Gefen jita ma yana buƙatar shiri, domin rini yana bin jijiya ya ratsa ƙarƙashin tef. Idan akwai zirin roba a zagaye, bar shi ya ɓaci, daga baya ka kankare da reza ya dawo fari. Idan kana son bakin mapul ɗin ya zauna fari a matsayin ado, tef kaɗai ba zai tsare shi ba, sai ka fara rufe bakin da shalak, wani irin banish mai saurin bushewa, sau biyu da ƙaramin burushi, ya bushe, sannan ka yi rini. Ka sa safar hannu, rinin nan yana kwana uku a farce.

Yanzu man. Tru-Oil na kamfanin Birchwood Casey ne, kuma asalinsa don katakon gindin bindiga aka yi shi. Haɗi ne na man linsid, wato man irin shukar flax, da wasu mayuka da aka sarrafa su bushe da wuri, yana yin fata a saman katako kamar banish, ba kamar ɗanyen mai da ke nutsewa kawai ba. Ƙaramar kwalba ta mililita 90 tana isar gangar jita guda har da wuya, ta 240 kuwa sai dai ta daskare kafin ka gama da ita. Wannan daskarewa ita ce aibinsa na farko. Da iska ta shiga sai fata ta kwanta a sama, gutsattsarinta su riƙa bin tsumma zuwa kan aiki. Kada ka ɓare takardar bakin kwalbar, huda ta da allura, ka riƙa matso abin da kake bukata, ka rufe ka ajiye kwalbar a kife don fatar ta taru a gindi.

Haɗuwarsa da TransTint tana da kyau saboda rinin ba ya narkewa cikin mai. Saboda haka ba za ka iya zuba rinin cikin Tru-Oil don ka ba shi launi ba, zai taru ɗigo-ɗigo. Amma kuma shafar mai ba ta kwashe launi kamar yadda banish mai ruwa ko shalak na tsumma suke yi. Duk da haka shafar farko takan ɗebo kaɗan, za ka gani a tsumma. A launi ɗaya wannan ba komai ba ne. A fuska mai launi biyu ko uku, tsumman zai iya jan ja ya kai cikin rawaya. Ka bar rinin ya yi awa 24, ka yi shafar farko kana dannawa a hankali daga tsakiya zuwa gefe, ko ka fesa shalak marar kakin zuma sau biyu sama-sama ya kulle launin. Fesawa na ce. Shalak da sifirit ake narka shi, in ka shafa da tsumma zai kwashe rinin ya dama shi.

Shafar farko ita ce ladan aikin duka. Man yana nutsewa cikin jijiya, zanen ya yi zurfi kamar kana leƙa ruwa, abin da banish mai ruwa ba ya iya yi. Daga nan sai haƙuri. Kowace shafa ɗigo biyar ko shida ne ga fuska guda, a baza da tsumma marar gashi ko takardar tace kofi har ya zama kamar babu. Yana bushewa a taɓa cikin awa 2 zuwa 4, amma shafa biyu a rana ta fi uku, kuma a lokacin ɗanshi ɗaya ta isa. Mai kauri yana bushewa a sama ya bar ƙasa danye, sai ya yi yamutsi ko ya yi ta danƙo har mako guda. In haka ta faru babu abin yi sai jira, sannan a goge.

Kada samfefa ta taɓa fuskar kafin shafa ta shida. Fatar tana da siriri sosai, kuma ƙarƙashinta launi ne da bai kai kaurin takarda ba. Bayan nan, duk shafa huɗu ko biyar ka daidaita da 800 ko 1000, kana kauce wa gefuna da bakin ramuka, nan ne ake hudawa. In ka ga launi a jikin samfefa ka tsaya, ka taɓa wurin da rini a bakin tsinken auduga, ka ci gaba da mai. Mutane da yawa suna amfani da soson ƙarfe mai lamba 0000, ni ba na ba da shawararsa a gangar jitar lantarki: ɓurɓushinsa yana maƙalewa a ramuka, daga baya maganaɗisun na'urar sauti ya janyo shi. Soson roba mai ruwan toka yana yin aikin. Shafa 10 zuwa 12 tana ba da sheƙi mai laushi, 20 zuwa 30 tana kusantar ƙyalli. Biyu na ƙarshe a sirka su da nafta, kashi biyu na mai da kashi ɗaya na nafta, su kwanta babu layin tsumma.

Bayan jitar in mahogani ne, dangin maɗaci, ramukansa manya ne, mai zai yi ta nutsewa ba su cika ba. Idan ba a yi masa rini ba, a zuba man a goge da samfefa 400 yana jiƙe, garin katako da mai su zama kunu, a share shi a gicciye ya cika ramukan. Sau biyu ko uku, kwana ɗaya tsakani. Kada a gwada wannan a fuskar da aka rina.

Aibi na biyu shi ne launinsa. Tru-Oil ruwan zuma ne tun a kwalba, kuma yana ƙara rawaya da shekaru. A kan ja, ruwan goro da ƙasa-ƙasa wannan ƙari ne, yana ɗumama su. A kan shuɗi yana jan shi zuwa kore, shunayya ta koma ƙasa-ƙasa, farin bakin mapul ya zama rawaya. Mai son shuɗi tsantsa ya nemi abin rufewa marar launi, wannan man ba nasa ba ne. Gwaji a kan guntun katako iri ɗaya, da rini da mai shafa biyar aƙalla, shi ne kaɗai zai gaya maka gaskiya. In babu guntu, yi gwajin a wurin da murfi ko gadar tsirkiya za su rufe.

Na uku shi ne iyakar ƙyallinsa. Fentin naitiro, wato fentin feshi mai ƙyalli da kamfanonin jita na Fender da Gibson suka yi amfani da shi a shekarun 1950 kowace shafa tana narkewa cikin ta ƙasa su zama abu guda, shi ya sa ake iya goge shi ya miƙe kamar gilashi. Tru-Oil hawa-hawa yake zama. In ka goge da ƙarfi ka ratsa daga hawa zuwa hawa, sai wasu siraran zobba su bayyana kamar taswira, ba sa fita da goge sai an ƙara shafa a kai. Bai kuma kai naitiro ko foli, wato banish ɗin polyurethane, tauri ba, makullin bel da farce za su bar masa alama. Amfaninsa shi ne gyaran ba wuya, a ɗan goge wurin a shafa sabo. Naitiro kuma yana zuwa da nasa nauyin: tururinsa guba ne kuma yana kama wuta, sai da takunkumi mai tace sinadari da wuri mai iska, yana yin hazo fari in an fesa cikin ɗanshi, ana jiran mako uku zuwa huɗu kafin goge. Ga mai aiki a ɗaki guda, Tru-Oil ya fi hankali nesa ba kusa ba.

Hatsarinsa guda ne, kuma na gaske ne. Tsumman da ya sha man linsid yana yin zafi yayin bushewa, in an dunƙule shi an jefa kwandon shara yana iya kama wuta da kansa. A shanya kowane tsumma a buɗe a kan siminti har ya ƙage, ko a nutsa shi cikin gwangwanin ruwa mai murfi.

Bayan shafar ƙarshe a rataye gangar ta ramin wuya mako biyu aƙalla. Ka danna farce a cikin ramin na'urar sauti inda man ya taru, in ya bar shaida ko hanci yana jin warin mai, bai gama bushewa ba. In ya gama bushewa, a bi shi da Micro-Mesh, samfefa mai laushi ƙwarai, daga lamba 3600 zuwa 12000 da ɗan ruwa kaɗan, hannu sama-sama, a gama da man goge marar silikon. A toshe ramukan sukurori da kakin zuma kafin ruwa ya taɓa su, don ruwan da ya shiga rami yana kumbura katako ya fasa fatar a zagaye. Ranar ɗaura kaya kuma a kankare man da ya taru a gurbin wuya da ramukan gada, sannan a ɗaure sukurori da hannu, a tsaya da zarar sun kama, domin fatar tana ci gaba da tauri har wata guda kuma murfin da aka matse da ƙarfi zai bar sawunsa a jiki.